Waiwaye: Yadda jitar feda ta kutsa cikin kiɗan gargajiyar Ayalan

Jitar feda, wato jita mai fedojin da ake takawa don canza amon tsirkiya, ba a rungumarta. A kwance take bisa ƙafafu huɗu, makaɗi na zaune a gabanta, hannun hagu na zamewa da sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyi, yatsu uku na dama na tsinka. Tushenta Hawai ne, inda Joseph Kekuku ya fara goga ƙarfe a kan jita wajen ƙarshen shekarun 1880. An sa mata lantarki a farkon shekarun 1930, fedoji suka biyo baya. A 1953 Bud Isaacs ya taka feda tsirkiya na tsakiyar kuka, wani amo ya tsaya, wani ya hau, wannan kukan kuwa ya zama tambarin kiɗan kantiri na Amurka. Buddy Emmons ya raba aikin fedar gida biyu a 1956, shekara guda bayan nan shi da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud. Wanda ya saurari jujun King Sunny Ade na farkon shekarun 1980 ya san muryarta a hannun Demola Adepoju.

Ta ƙofar kantiri ta shiga Ayalan, tare da ƙungiyoyin kiɗan gidajen rawa na shekarun 1960 da 1970, kuma can ta daɗe a zaune. Ba don 'yan gargajiya na ƙyamar baƙo ba. Banjo ya riga ya samu wuri, Barney McKenna ya kafa masa ɗaurin G, D, A, E irin na goge. Buzukin Girka ya shigo ta hannun Johnny Moynihan a shekarun 1960. A 1987 Davy Spillane, mai busa algaitar jaka da ake hurawa da gwiwar hannu, ya gayyato Jerry Douglas da dobro, 'yar uwar jitar feda marar lantarki, cikin faifansa. Sai a 2024 David Murphy na Cork ya fitar da faifai sukutum na kiɗan Ayalan a kan jitar feda, mafi yawansa take ne masu tafiya a hankali.

Wannan zaɓi yana da dalili, kuma dalilin na cikin ginin kayan. Ɗaurin da aka fi amfani da shi, E9, tsirkiya goma ne, daga sama: F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Fedar A na ɗaga B zuwa C#, fedar B na ɗaga G# zuwa A, sandunan gwiwa na hawa da E ko su sauke ta rabin mataki. Kiɗan Ayalan kuwa a D da G ya fi zama. Ana samun D in an aza sanda a layi na 10 na jikin jitar ba feda, ko a na 5 an taka A da B tare. G na layi na 3, kuma in an taka fedar A kaɗai a nan sai ta koma ƙaramar E. Duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar na wajen gunjin ƙasa: algaitar jaka na da bututu uku da ke riƙe D ba yankewa, ita kuwa sanda in ta motsa, da dukan tsirkiyoyi take tafiya. Mafita ita ce a sassauta ɗaurin gaba ɗaya da mataki guda zuwa D9, a bar tsirkiya ta 8, wadda ta koma D, a sake ana taɓa na sama da bakin sanda, ko kuma a bar wa wani makaɗin gunjin.

Ga kuma gudu. Ril, taken rawa mai sauri na Ayalan, na da amo takwas a kowace gaɓa, a saurin rawa ya kai kamar bakwai a daƙiƙa. Tsirkiyar jitar feda ba ta shiru da kanta. Kowane amo sai an kashe shi da gefen tafi ko da ƙumbar da ta tsinka shi, in ba haka ba su cakuɗe. Adon da masu algaita ke yi, wato ɗan amon da ake wurgawa sama ko ƙasa don raba amo biyu iri ɗaya, kaifi yake so. Feda kuwa lanƙwasa take yi. Gara a tsinki tsirkiyar da ke maƙwabtaka a kashe ta nan take.

A take mai tafiya a hankali ne lamarin ke juyawa. Irin wannan take daga waƙar baka ta sean-nós, tsohon salon rera waƙa ba tare da kiɗa ba, ya fito, ba shi da ƙayyadadden bugu, numfashin mawaƙi yake bi. Sanda na iya tsayawa tsakanin layi biyu kamar yadda murya ke yi, fedar ƙara da ke ƙarƙashin ƙafar dama na ɓoye tsinkar farko ta ja amon ya daɗe. Taken Turlough O'Carolan, makahon makaɗin haf (babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa) da ya rasu a 1738, su ma suna zama daram. Wani dacen kuma: masu jitar feda kan sassauta amo na uku ƙasa da na fiyano kaɗan, har kusan kashi 14 cikin ɗari na rabin mataki, F# ta algaita ma haka take. Da akodiyan ne za a ji saɓani.

Babban tarkon shi ne sabon hannu. Ƙafar da ta saba da salon Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, za ta danna A da B tare a ƙarshen kowane layi, nan take taken ya koma kantiri. Bayan haka, take da yawa na Ayalan ba sa bayyana ko babban sautu suke ko ƙarami, cusa musu G# na yanke hukuncin da masu su ba su yanke ba. Saboda haka a tsinki tsirkiya ta 8 da ta 5, a tsallake ta 6, a rage girgiza sanda. Tsirkiya ta 9 kuma, wadda 'yan koyo ke gudu, ita ke ba da amo na bakwai saukakke da ya cika kiɗan algaita.