Gudu ko sauƙi: rigimar yarukan kwamfuta ta girme mu

Shekaranjiya a Samaru ƙanena ya kawo min laftof ɗinsa ransa a ɓace, furojet ɗinsa na ƙarshe da yaren kwamfuta na Python ya rubuta, ya kunna lissafin tun bayan la'asar har aka kira isha'i bai gama ba, ga an ɗauke wuta batir na ta ja baya. Ya ce "Yaya ni fa C zan koma kawai." Na ce tsaya tukuna.

Da can da yaren injin kansa ake rubutu, umarni ɗaya bayan ɗaya, wahala ce zalla. A 1957 John Backus da mutanensa a IBM suka fito da Fortran, kuma ƙwararru da yawa ba su yarda ba, gani suke ba yadda za a yi kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun mutum zuwa yaren inji, ta fassara rubutu ya yi gudun wanda mutum ya tsara da hannu, shi ya sa su Backus suka zuba ƙarfinsu wajen saurin abin da take fitarwa, kuma sun ci nasara. Sai C da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972, gudu kam ba magana, amma kai za ka nemi memori, wato wurin ajiyar bayanai a cikin kwamfuta, kai za ka mayar, ka yi kuskure ɗaya shirin ya faɗi ko masu kutse su samu ƙofa.

Guido van Rossum a Holan ya zaɓi sauƙaƙa wa mutum, ya saki Python a 1991. Kuɗin sauƙin nan shi ne Python tana duba nau'in kowane abu, lamba ce ko rubutu, a lokacin da shiri ke gudana, kowane zagaye na maimaita lissafi sai ta sake dubawa, wallahi nan ne lokacin ƙanena ya tafi. Julia ta fito daga MIT a 2012 don a daina rubuta abu da yare biyu, ɗaya don sauƙi ɗaya don gudu, Rust ma, mai neman gudun C ba tare da matsalar memori ba, ya tsaya da ƙafarsa a 2015.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne NumPy, kayan lissafi da ake haɗawa da Python, tun 2006, kana rubutu da Python a sama C na ɗaukar kaya a ƙasa. Shi muka yi amfani da shi, muka cire zagayen nan muka miƙa masa lissafin gaba ɗaya, kafin mu gama shan shayi sakamako ya fito, batir ma da sauransa.