Salsa bayan shekara sittin: tambayoyin da na gaji da amsawa

Na daɗe ina koya wa dattawa rawar Latin a wani ɗakin taro na unguwarmu a Bronx, cikin birnin New York, inda mu 'yan Zango muke maƙwabtaka da mutanen Puerto Rico da na Jamhuriyar Dominika. Tambayoyin ba sa canzawa. Don Allah a karanta wannan kafin a sake bugo mini waya.

Wai mece ce rawar Latin ɗin?

Raye-rayen Latin Amurka ne da tsibiran Karebiyan. Cha-cha-cha ta fito daga Kyuba a farkon shekarun 1950, merenge da bachata na mutanen Dominika ne. Salsa kuwa a nan New York ta yi suna a shekarun 1960 da 1970, amma tushenta kiɗan Kyuba ne, wanda ya gaji gangunan bayin da aka kwaso daga Afirka. Shi ya sa kunnenku bai ɗauke shi baƙo ba.

Ban tsufa da wannan ba?

A'a, Baba. A ƙasar Meziko, a garin Veracruz da birnin Meziko, masu furfura ne ke cika dandali suna taka danzon, rawar da aka fara a garin Matanzas na Kyuba tun 1879.

Da wacce zan fara?

Merenge. Hagu, dama, hagu, dama, kamar maci. Duk mai iya zuwa kasuwa da ƙafarsa ya iya ta. Salsa ta ɗan jira, don ita bugu takwas ne amma taku shida: a taka uku, a dakata, a ƙara uku, a dakata. Dakatawar nan ce ke rikita sabon shiga.

Gwiwata na ciwo, ga hawan jini. In zo ko in haƙura?

Nan kam ba zan yi gaggawa ba, domin ciwon gwiwa iri-iri ne. Idan irin sanyin gaɓoɓin nan ne na tsufa, wanda gwiwa ke ƙagewa da safe ta saki bayan an ɗan motsa, galibi motsi na taimaka masa, zama ne ke ƙara shi. Amma idan ta kumbura, ko tana zafi in an taɓa, ko tana sulluɓewa kamar za ta kayar da ku, ko an yi muku aiki kwanan nan, likita zai fara gani kafin ni. Ni malamar rawa ce.

In ya ba da izini, to abin tsoro shi ne juyi. Takalmi mai ƙasan roba yana kama daɓe, ƙafa ta tsaya cak jiki ya juya, gwiwa ce ke shan murɗar. A nemi mai ƙasan fata, mara tsini, mai riƙe diddige. Silifas a bar shi a gida, kuma ba a rawa a kan kafet. Taku ya zama ƙanana, kada ya wuce faɗin kafaɗa. Juyin ma a yi shi da taku uku ko huɗu, ba a kan ƙafa ɗaya ba. Kaɗa ƙugun da kuke gani a bidiyo daga lanƙwasa gwiwa da miƙe ta yake fitowa, to kada a tilasta shi, zai zo da kansa ko ya ƙi zuwa, rawar dai ta yi. 'Yar gajiyar tsoka washegari ba komai ba ce. Ciwon da ya kwana biyu bai sauka ba kuwa, alama ce an wuce gona da iri, a rage.

Hawan jini shi kaɗai ba ya hana rawa in ana shan magani kuma ya daidaita, sai dai wasu magungunan na sa jiri, musamman in an miƙe da sauri. Ma'aunina mai sauƙi ne: in kuna iya magana kuna rawa, lafiya. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko duhu-duhu a ido, a zauna nan take a nemi taimako. Na sha ganin dattijo yana daurewa don kada a ce ya gaza. Wannan ba jarumta ba ce, Alhaji, ganganci ne. Masu ciwon suga su ci wani abu kafin su zo, su kuma duba tafin ƙafarsu bayan an tashi.

Dole sai na riƙe namijin da ba muharramina ba?

Ba dole. Ki zo da maigidanki, ko ki yi da 'yar'uwarki mace, ko ki taka ke kaɗai, salsa na da takun mutum ɗaya. Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba mai taɓa ki.

Da gaske rawa tana hana ruɗewar tsufa?

"Hanawa" ta yi nauyi. A 2003 an buga wani bincike da aka yi a nan Bronx, a kwalejin likitanci ta Albert Einstein, kan tsofaffi 469 da suka haura shekara 75. Cikin ayyukan motsa jikin da aka duba, rawa ce kaɗai aka ga masu yawan yin ta ba su cika kamuwa da ciwon mantuwa ba. Alaƙa aka gani, ba a ce magani ba ce. Kada wanda ya ajiye ƙwayoyinsa saboda ni.

Sau nawa a mako?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma 'yan 65 zuwa sama su haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku, don gudun faɗuwa. Rawa na taɓa duka biyun. Ku fara da minti 15.

Ba sai in yi a ɗakina da bidiyo ba?

Kuna iya yi, amma kun bar rabin amfanin. Abin da ke cin tsofaffinmu a ƙasar nan kaɗaici ne: 'ya'ya na wurin aiki, jikoki na makaranta, sanyi ya rufe kowa a ɗaki, babu zaure babu tsakar gida. Akwai wata baiwar Allah da ta fara zuwa bayan rasuwar mijinta, wata guda tana zaune a kujera tana kallo kawai. Yanzu ita ke riga kowa isowa, kuma ranar da ba a gan ta ba mutum uku ke kiran wayarta. Bidiyo ba zai yi cigiyarku ba. Ku sa takalmi ku fito.