Matakan Jinyar Masu Shaye-shaye: Wa Ke Buƙatar Kwanciya, Wa Zai Iya Jinya Daga Gida?

Rahoton 2018 na binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma kusan ɗaya cikin biyar daga cikinsu abin ya riga ya zame masa cuta. Abin da ya fi zuwa bakin iyaye idan sun gano halin da ɗansu yake ciki shi ne a kai shi wani wuri a tsare, alhali jinyar tana da matakai.

Me ake nufi da matakan jinya?

Ana nufin yawan kulawa da sa idon da majinyaci yake buƙata. Tsarin da ya fi shahara shi ne na ƙungiyar likitocin Amurka masu kula da matsalar shaye-shaye, wato ASAM, wanda aka fara wallafawa a 1991. A mataki na farko mutum yana zaune a gidansa, yana ci gaba da karatunsa ko sana'arsa, sai dai yana zuwa ganin likita ko mai ba da shawara ƙasa da awa 9 a mako. A mataki na biyu ma gida yake kwana, amma zuwansa ya kai awa 9 zuwa 19 a mako, ko awa 20 da ɗoriya ga wanda kusan kullum a cibiyar yake wuni. Mataki na uku shi ne zama a cibiyar gyaran hali dare da rana na makonni ko watanni, na huɗu kuwa kwanciya ce a asibiti ƙarƙashin kulawar likitoci da ma'aikatan jinya, ga wanda rayuwarsa take cikin haɗari.

Ta yaya ake gane matakin da ya dace da mutum?

Ba a yanke wannan da sunan ƙwayar kaɗai, ba kuma da zafin zuciyar iyaye ba. Likita yana duba irin halin da jiki zai shiga idan an daina sha, da ko akwai wata cuta a jiki kamar ciwon hanta ko farfaɗiya, ko juna biyu ga mace, da lafiyar ƙwaƙwalwa, musamman ko yana jin muryoyi ko yana tunanin kashe kansa. Sannan ya duba ko mutumin yana da niyyar dainawa, da sau nawa ya taɓa dainawa ya koma, da kuma wurin da zai kwana.

Wannan na ƙarshe ne aka fi rainawa. Matasa biyu suna iya shan tiramol iri ɗaya, amma ɗaya yana da shagon ɗinki da yake buɗewa kowace safiya da uwar da take lura da shigarsa da fitarsa, ɗayan kuma ɗaki ɗaya yake kwana da wanda yake sayar masa. Na farko zai iya yin jinyarsa daga gida, na biyu kuwa da wuya ya yi nasara muddin ba a raba shi da wannan ɗakin ba.

Ashe ba kwantar da kowa ne ya fi ba?

A'a. Kwantar da wanda ba ya buƙata yana raba shi da aikinsa ko makarantarsa, yana cinye kuɗin iyali, yana kuma tare gadon da wani ya fi shi buƙata, ga shi gadajen ba su da yawa. Haka nan akwai wanda tsoron a kulle shi ne kaɗai yake hana shi faɗin gaskiya, wanda da ya san zai iya ganin likita ya koma gida da tuni ya nemi taimako.

Me ya sa ake hana wasu dainawa lokaci guda a gida?

Saboda akwai abubuwan da yanke su farat ɗaya yana iya kisa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa yana iya fara karkarwa da gumi sa'o'i kaɗan bayan dainawa, ya yi jijjiga a cikin kwana biyun farko, daga baya ya ruɗe har ya riƙa ganin abin da babu shi. Haka abin yake ga masu shan ƙwayoyin barci irin su diyazefam, waɗanda a hankali ake rage musu ƙarƙashin kulawar likita. Barin kodin ko tiramol yana zuwa da ciwon gaɓoɓi da amai da gudawa da rashin barci, kuma tsananin wannan wahalar ne yake mayar da mutane da yawa ga sha tun kafin mako ya zagayo.

Idan ƙwayar ta fita daga jiki, an warke ke nan?

Ba a warke ba, kuma a nan ne iyalai da dama suke yin asara. Fitar da ƙwaya daga jiki aikin kwanaki ne, amma kwaɗayinta da abokan sha da damuwar da ta jefa mutum ciki duk suna nan suna jiransa. Akwai ma wani haɗari na musamman ga masu shan kodin da dangoginsa: bayan an ɗan jima ba a sha ba jiki yana rasa juriyar da ya saba da ita, don haka adadin da mutum yake sha a da yana iya tsayar masa da numfashi idan ya koma. Shi ya sa ake saukowa daki-daki, daga asibiti zuwa cibiya ko jinyar wuni, daga nan zuwa ganin likita lokaci-lokaci. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta bayyana cewa jinyar da ba ta kai wata 3 ba amfaninta taƙaitacce ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na majinyata suna sake komawa sha, kwatankwacin yadda hawan jini ko asma suke sake tasowa. Idan hakan ta faru, likita ne ake komawa wurinsa ya sake tantancewa, wataƙila ya mayar da majinyacin mataki na sama.

Ina iyali za su nufa a arewacin Najeriya?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, sannan hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da sassan ba da shawara da gyaran hali. Gidajen mari kuwa ba sa cikin waɗannan matakai, domin sarƙa da bulala ba sa maganin jijjiga ko kwaɗayin ƙwaya, kuma ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, wasunsu da mari a ƙafa da tabon duka, sun isa shaida. Kafin iyali su miƙa ɗansu ga kowace cibiya, ya kamata su tambaya ko akwai likita a wurin, ko za a tantance shi kafin a karɓe shi, ko za a bar su su riƙa ziyartarsa, da kuma wane shiri aka tanadar masa bayan an sallame shi.