Mene ne "albam na situdiyo", kuma yaya ake sakinsa?

Idan aka ce tagwayen P-Square, Peter da Paul Okoye, waɗanda suka tashi a Jos, suna da albam na situdiyo guda shida, ba duk abin da suka taɓa rerawa ake ƙirgawa ba. Ana nufin kundin sababbin waƙoƙi da aka shiga ɗakin ɗaukar sauti aka gina tun daga tushe: na farko Last Nite a 2003, na shida Double Trouble a 2014. Abin da aka naɗa a filin wasa da tafi da ihun 'yan kallo ba ya cikin wannan lissafi, haka ma kundin da aka tsinto tsofaffin waƙoƙin da suka yi tashe aka haɗa wuri guda.

Yawan waƙoƙi ma yana da ƙa'ida. A manhajoji irin su Spotify da Apple Music, waƙa ɗaya zuwa uku gwauruwar fitarwa ce ("single"), huɗu zuwa shida da ba su kai minti 30 ba ana kiransu EP, daga bakwai zuwa sama ko abin da ya haura minti 30 shi ne albam. Mawaƙi zai iya kiran aikinsa abin da ya ga dama, amma manhaja da nata ma'aunin take jera shi.

Inda aikin mawaƙa biyu ya fi wuya shi ne murya. Galibi ba tare ake ɗaukarsu ba. Furodusa ya gama kiɗa, ɗaya ya shiga ya yi baitinsa, ɗayan ya biyo, sannan a ɗora amshi sau biyu ko huɗu, kowanne a layinsa. Bakin mawaƙi yana tsayawa kamar taƙi guda daga makirufo, da 'yar raga a tsakani don tare iskar da haruffa irin "b" da "f" ke fesowa. In aka ɗauki ɗaya yau da wani makirufo, ɗayan bayan wata biyu a wani ɗaki daban, kunne zai ji ɗinkin ko da bai san dalili ba. Sai kuma ƙarshen kalma: in su biyun suna jan amshi ɗaya ya rufe baki kafin ɗan'uwansa, sautin zai yi kamar tuntuɓe, dole a sake ɗauka ko a zauna a daidaita a kwamfuta gaɓa bayan gaɓa. Muryoyi masu kama da juna, kamar na 'yan'uwa, sukan hau kan juna su cakuɗe. Mai miksin, wato mai haɗa muryoyi da kiɗa, yakan bar babbar murya a tsakiya, ya watsa amshi dama da hagu, ya ɗan rage wa ɗaya kauri don ɗayar ta fito.

Bayan miksin sai mastarin, kuma a nan ne tarin waƙoƙi ke zama albam. Ana daidaita ƙarfin sautin duka, a tsara wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe, a auna shirun da ke tsakani. Kuskuren da aka fi yi shi ne matse sauti don ya yi ƙara. Spotify tana mayar da waƙoƙi kusan -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), don haka wanda ya matse nasa za a rage masa ƙarar, a bar shi da ganga marar nauyi.

Sakin albam aiki ne mai zaman kansa. A zamanin albam ɗin P-Square mai suna Game Over, wato 2007, hanyar ita ce faifan CD da 'yan kasuwar Alaba a Legas, ga masu satar fasaha a gefe. Yanzu ana bi ta kamfanin rarrabawa kamar DistroKid ko TuneCore. Ana tura sautin a fayil nau'in WAV, aƙalla 16-bit da 44.1 kHz, da hoton bango mai murabba'i, yawanci pixel 3000 sau 3000. Kowace waƙa tana samun lambar ISRC mai haruffa da alƙaluma 12, albam ɗin kuma lambar UPC guda. Da su ake bin sawun sauraro da kuɗi. Tun 10 ga Yuli 2015 Juma'a ce ranar sakin sababbin waƙoƙi a duniya. A tura aiki mako uku ko huɗu kafin ranar, domin Spotify tana son a gabatar wa editocinta waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fita.

Akwai tarkon da ya keɓanta da mawaƙa biyu. In sunan ƙungiyarsu sunaye biyu ne a haɗe, aka kuma cike fom ba daidai ba, manhaja za ta iya raba su ta jefa albam ɗin a shafin wani baƙo mai irin sunan, gyaran kuma yakan ci kwanaki a daidai makon da aka fi buƙatar masu sauraro.

Takardar rabon haƙƙi kuwa, a sa mata hannu kafin a tura komai. Haƙƙi iri biyu ne: na wanda ya rubuta waƙa da karinta, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. A rubuta kason kowa a kowace waƙa, har da furodusa da baƙon mawaƙi. P-Square sun rabu a 2017, suka sake haɗuwa a 2021, amma duk tsawon shekarun nan ana ta sauraron kundayensu shida, kuɗi na shiga. Kamfanin rarrabawa kuwa asusun da aka rubuta masa kawai yake biya.