Ƙarancin Bitamin D

Ƙarancin bitamin D yanayi ne da jiki ke rasa isasshen sinadarin da ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam da fosfaras, ma'adinan da ke gina ƙashi, daga abinci. In babu shi, abin da hanji ke ɗauka na kalsiyam bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. In ya wadata, yakan kai kashi 30 zuwa 40. Kiransa bitamin ma akwai gyara a ciki, domin fata ce ke haɗa mafi yawansa idan rana ta taɓa ta. Daga nan sai hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya fara aiki.

Tarihi

An daɗe da sanin cutar da rashinsa ke kawowa kafin a san sinadarin. Ana danganta wa Soranus, likitan da ya yi aiki a Rum wajen ƙarni na 2, bayanin yara masu lanƙwasassun ƙafafu, amma cikakken bayanin cutar riket, wato laushin ƙashin yara, sai a ƙarni na 17 ya fito: Daniel Whistler a 1645, sai Francis Glisson a 1650. Da masana'antu suka bunƙasa, hayaƙin kwal ya rufe sararin birane, yara suka taso a lungunan da rana ba ta shiga, cutar ta yi katutu har wasu ƙasashen Turai suka riƙa kiranta "cutar Ingila".

A 1822 likitan Polan Jędrzej Śniadecki ya lura cewa yaran birnin Warsaw sun fi na karkara kamuwa, ya ce rana ce maganin. Ba a kula shi ba. Kusan shekara ɗari aka yi kafin Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a birnin Balin na Jamus a 1919 da hasken wata fitila ta musamman. A wannan shekarar Edward Mellanby ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaka yana ciyar da su fate-faten hatsi har ƙashinsu ya lanƙwashe, sannan ya warkar da su da man hantar kifi. Shi ya ɗauka bitamin A ne ya yi aikin. Elmer McCollum ne ya warware wannan a 1922: ya zafafa man yana hura masa iska har bitamin A ya lalace, man kuma bai daina warkarwa ba. Tunda an riga an yi A da B da C, sai sabon ya samu D. Daga shekarun 1930 aka fara ƙara shi cikin madara a Amurka, riket ta ja baya sosai.

Alamomi

A jikin yaro abin a fili yake. Wuyan hannu yakan yi kauri kamar an ɗaura masa munduwa a ƙarƙashin fata, haƙarƙari kuma ya fitar da ƙulle-ƙulle a jere, in an shafa sai ka ce carbi. Maɗiga takan yi jinkirin rufewa, haƙori ya makara, tafiya ta makara. Da yaron ya fara tsayuwa, nauyinsa sai ya tanƙwara ƙashin, ƙafa ta zama baka ko gwame. Jariri kan yi jijjiga idan kalsiyam ɗin jininsa ya faɗi ƙwarai.

Manya kuwa sukan daɗe ba su san suna da shi ba. Akwai ciwon ƙashi mai nacin gaske a ƙugu da ƙwanƙwaso da cinya, da raunin tsokar cinya: mutum ba ya iya tashi daga kujera sai ya dafa gwiwa, hawa bene ya zama aiki, tafiya ta koma irin ta agwagwa. Tsofaffi sukan yawaita faɗuwa da karaya. Gajiya ma ana lissafa ta, sai dai wace cuta ce ba ta kawo gajiya?

Dalilai

Babba shi ne rashin rana a fata: zaman ɗaka, suturar da ta rufe jiki duka, hunturun ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta da amfani a nan. Baƙar fata tana bukatar lokaci fiye da fara, fatar tsoho kuma ba ta haɗa shi kamar ta yaro. Nonon uwa ba shi da shi da yawa, abincin da ke ɗauke da shi kuwa kaɗan ne: kifi mai mai, gwaiduwar ƙwai, hanta. Ƙiba, ciwon hanta ko na ƙoda, cututtukan hanji, da wasu magungunan farfaɗiya da na tarin fuka duk suna rage shi. A wasu ƙasashe masu rana, riket daga ƙarancin kalsiyam a abinci take zuwa.

Gwaji da magani

Gwajin jini ne ke tabbatarwa. Masana sun saɓa kan iyakar da za a ce akwai ƙaranci: wasu sun ce ƙasa da nanogiram 12 a kowace mililita ta jini, wasu 20. A Amurka an tsayar da abin da jiki ke bukata a kan ma'auni 400 (ma'aunin bitamin na ƙasa da ƙasa, IU) a rana ga jarirai, 600 daga shekara 1 zuwa 70, 800 ga wanda ya haura. Shan fiye da kima na tsawon lokaci yana tara kalsiyam a jini, yana iya taɓa ƙoda. Batun cewa ƙwayar bitamin D tana kare mai lafiya daga ciwon daji ko ciwon zuciya, manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar ba.