Titin da doka ta mayar da mota baƙuwa: fashin baƙin tsarin woonerf na Holan

A ƙasar Holan akwai wani shuɗin allo da ake kafawa a bakin wasu titunan unguwa. A jikinsa an zana gida, da babban mutum yana tafiya, da yaro yana buga ƙwallo, da kuma mota. Da zarar direba ya wuce allon nan, ƙa'idar da ya saba da ita a kan babban titi ta ƙare. Wurin da ya shiga shi ake kira woonerf, titin da doka ta ɗauka tamkar farfajiyar gidajen da ke kewaye da shi. Masu gida su ne mutanen da ke tafiya da zama da wasa a wurin, mota kuwa baƙuwa ce.

Ainihin dokar gajeriya ce. Sassa uku ne a cikin kundin ƙa'idojin hanya na ƙasar na shekarar 1990, daga sashe na 44 zuwa na 46.

Sashe na 44 ya ce mai tafiya a ƙasa yana da ikon amfani da titin gaba ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba a ware masa ɗan siririn gefe an ce ya tsaya nan ba. Tsohuwa za ta iya bin tsakiyar titi da sandarta, maƙwabta biyu su tsaya su gaisa a inda suka haɗu, yara su yi wasansu, kuma babu wanda ya karya doka a cikinsu. Amma akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan. Sashen bai ce mai tafiya a ƙasa yana gaba da mota a kowane hali ba, bai kuma ba kowa damar tare hanya da gangan ba. Akwai wata doka ta gama-gari, sashe na 5 na dokar hanya ta 1994, da ta hana kowa, direba ne ko mai ƙafa, jefa wani cikin haɗari ko kawo cikas a kan hanya. Abin da aka ba mai tafiya shi ne haƙƙin kasancewa a wurin. Direba ba zai danna masa ham a kan ya kauce daga "titin mota" ba, domin babu titin mota a nan.

Sashe na 45 ya kayyade gudu: kilomita 15 a awa, ba ƙari. Wannan ya shafi mai mota da mai babur har da mai keke, domin dokar Holan duka direbobi take ɗaukarsu. A da, abin da aka rubuta shi ne a yi tafiya daidai da takun mai tafiya a ƙasa, sai aka yi ta gardama a kan ko nawa ke nan, daga baya aka rubuta adadin ƙarara. Ga dalilin da ya sa adadin yake da muhimmanci. Motar da ke gudun kilomita 15 tana cin kusan mita 4 a daƙiƙa guda. Idan ƙwallo ta gangaro yaro ya biyo ta, daga lokacin da direba ya gani zuwa lokacin da motar ta tsaya cak, mita 5 zuwa 6 ne. A gudun kilomita 50, motar ta riga ta ci kusan mita 14 kafin ƙafar direba ta taɓa birki, kuma sai ta ƙara kusan wani kamar haka kafin ta tsaya. Yaron da ke mita 10 a gaba, a hali na farko tsorata kawai zai yi. A hali na biyu motar za ta same shi da cikakken gudunta.

Sashe na 46 na ajiye mota ne, kuma ya juya al'adar da aka sani. A titi na yau da kullum, kana iya ajiye mota ko'ina sai inda aka hana. A woonerf an hana ko'ina sai inda aka ware aka yi wa alama, galibi da harafin P a jikin daɓen. Motocin da aka jera barkatai su ne ke ɓoye ƙaramin yaro daga idon direba, su ne kuma ke cinye filin da aka ce na mutane ne.

Idan da iya nan dokar ta tsaya, da ba ta da wani abin burgewa, domin kowace hukuma tana iya buga allo ta rubuta 15. Abin da ya bambanta wannan tsari, kuma a ganina shi ne zuciyarsa, shi ne ƙaramar hukuma ba ta da ikon kafa allon sai titin ya cika sharuɗɗan gini. Dole ne ya kasance wurin zama, wanda motocin da ke shigarsa na mazauna ne ko na masu zuwa wurinsu, ba hanyar ratse ta masu gudun cunkoson babban titi ba. Dole ne a kauce wa duk abin da zai sa ido ya ga kamar an raba titin gida biyu, nan na mota can na mutane, don haka ba a yin dogon dakalin gefe da ya bi titin daga farko zuwa ƙarshe. Daɓe ɗaya ne, sau da yawa na jan bulo, daga ƙofar wannan gida zuwa ta wancan. Mashiga da mafita su ma sai an gina su yadda direba zai ji a jikin motarsa cewa ya shiga wani wuri daban. Ƙa'idojin farko na 1976 sun ma tanadi cewa kada tazarar da ke tsakanin abubuwan rage gudu ta wuce mita 50. Bishiya ce a nan, benci a can, tukunyar furanni, wurin jingine keke, titin ya karkata hagu ya dawo dama. Direba ba ya samun miƙaƙƙiyar hanyar da za ta ja ƙafarsa zuwa totur. Babu ɗan sandan da zai tsaya gadi a kowace unguwa dare da rana, amma bishiyar da aka dasa a kwanar titi tana nan kullum. Kuma abubuwan da ke tilasta wa mota lallaɓawa su ne dai suke ba titin inuwa da wurin zama da kyan gani.

Ba daga ofis tunanin ya fara ba. A farkon shekarun 1970 sama da mutum 3,000 ke mutuwa a kan hanyoyin Holan a kowace shekara, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 13 da ɗoriya ba a lokacin. A 1971 kaɗai, yara fiye da 400 ne a cikin mamatan. Iyaye suka fusata, aka kafa ƙungiyar Stop de Kindermoord mai neman a daina kashe yara, suka riƙa toshe tituna suna fito da tebura da kujeru tsakiyar hanya. Tun kafin nan, a ƙarshen shekarun 1960, an fara gwaji a birnin Delft, inda mazauna da ma'aikatan birni irin su Joost Váhl suka riƙa sauya fasalin titunan tsofaffin unguwanni. A garin Emmen kuma masanin tsara birane Niek de Boer ya yi irin wannan tunani a sababbin unguwanni. Duk wanda ya taɓa ganin mutanen unguwa a Kano ko Zinder sun haɗa kuɗi sun gina tudun rage gudu da kansu bayan an buge yaro, ya san irin zafin zuciyar da ake magana. Abin da gwamnatin Holan ta yi a 1976 shi ne ta ɗauki abin da mutane suka fara da hannunsu ta ba shi matsayi a doka, da ma'auni, da allo. A 1988 aka faɗaɗa shi, aka taƙaita sunan zuwa erf, domin a iya yin sa a titunan kantuna da gaban tashar jirgin ƙasa, ba unguwannin zama kaɗai ba.

To idan aka yi rashin sa'a aka buge mutum fa? Nan wata dokar ce ke aiki, sashe na 185 na dokar hanya, kuma ta shafi dukkan titunan ƙasar. Idan abin hawa mai inji ya yi karo da mai tafiya a ƙasa ko mai keke, diyya tana kan mai abin hawan, sai in ya tabbatar da cewa babu ta yadda za a ɗora masa laifi ko kaɗan. Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙara tsaurara abin a hukunce-hukuncenta na farkon shekarun 1990: idan wanda aka buge bai kai shekara 14 ba, ana biyan diyyarsa cikakkiya ko da shi ya faɗo titi ba tare da dubawa ba, sai dai in da gangan ya yi ko abin da ya yi kusa da ganganci. Babba kuwa yana samun aƙalla rabi ko da akwai nasa kuskuren. Maganar diyya ce wannan, wadda kamfanin inshora ke biya, ba maganar ɗauri ba. Hujjar ita ce wanda ya shigo da ƙarfe mai nauyin tan guda cikin mutane shi ya kawo haɗarin.

Tsarin yana da nasa matsalolin, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko tsada. Fasa titi a sake daɓe shi daga bango zuwa bango kuɗi ne mai yawa, shi ya sa daga shekarun 1980 ƙananan hukumomi suka fi karkata ga unguwannin da aka kayyade gudu a kilomita 30, waɗanda ba sa buƙatar a rushe komai sai ɗan gyara. Motoci sun ƙaru sun kuma ƙara girma, wuraren ajiyewar da aka ware shekaru 40 ko 50 da suka wuce ba sa isa, sai ka ga an faka a inda aka tanada don wasan yara. Wadda ta fi damuna ita ce ta makafi. Makaho da sandarsa yake lalubar dakalin gefen titi ya san inda yake. Idan aka shafe dakalin, an ɗauke masa jagora, ga kuma motocin lantarki da ba su da ƙara. Duk birnin da zai yi irin wannan titi ya kamata ya zauna da makafi tun a matakin zane, a bar musu gefen bango a buɗe babu tukwane babu kekuna, a sa daɓen da ƙafa da sanda za su iya bambancewa.

Wasu ƙasashen Turai sun ɗauki tsarin, kowa da nasa gyaran. Beljiyam ta sa shi a doka a 1978 da gudun kilomita 20, Jamus a 1980 inda har yanzu ma'aunin shi ne takun mai tafiya a ƙasa. Suwizalan a 2002 da Faransa a 2008 sun zaɓi kilomita 20, suka kuma ƙara abin da dokar Holan ba ta faɗa ba: a irin wannan titi mai tafiya a ƙasa yana gaba da mota, direba ne zai dakata masa. A Holan ɗin kanta, hankali ya koma kan manyan titunan da ke kewaye da unguwanni, domin yaron da ya tsira a ƙofar gida dole ne wata rana ya tsallaka zuwa makaranta. A watan Disamba na 2023 birnin Amsterdam ya saukar da gudu zuwa kilomita 30 a kusan kashi 80 cikin 100 na titunansa.