Waiwaye: Yadda Lauyoyi Suka Ja Leƙen Asirin Hukuma Zuwa Gaban Alƙali

A mafi yawan ƙararraki, wanda aka cuta ya san an cuce shi, kuma yana iya faɗin ranar da abin ya faru da sunan wanda ya aikata. Lauyan da ke aiki a fagen sa ido da tsaron intanet da haƙƙin sirri ba kasafai yake samun wannan sauƙin ba, domin mutumin da ake sauraron wayarsa ko ake karanta saƙonninsa a ɓoye yakan zo ofishin lauya ne da zato kawai, alhali hujjar da za ta tabbatar da zaton tana kulle a hannun hukumar da yake son ya kai ƙara. Tarihin wannan fanni, a ganina, tarihin ƙoƙarin warware wannan ƙulli ne, wato yadda za a tsayar da aikin da aka yi a ɓoye a gaban kotu har a yanke masa hukunci.

Ana yawan fara lissafi daga Ingila. A watan Nuwamba na 1762 wasu manzannin sarki, ƙarƙashin Nathan Carrington, suka fasa gidan wani marubuci mai suna John Entick, suka shafe sa'o'i suna bincike, suka kwashe takardunsa, bisa takardar izini da wani babban ministan gwamnati, Lord Halifax, ya sa wa hannu. Entick ya kai ƙara, kuma a 1765 Mai Shari'a Lord Camden ya yanke cewa ministan ba shi da wannan iko, tunda babu wata doka da ta ba shi. Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce tushen shari'o'i da dama da ke ƙalubalantar ikon hukuma: jami'in gwamnati ne zai nuna dokar da ta ba shi damar taɓa gida ko takardun mutum. Wannan tunani ya ƙetara teku, ya shiga kundin tsarin mulkin Amurka a gyara na huɗu da aka amince da shi a 1791, wanda ya hana bincike da ƙwace ba bisa dalili ba.

Sai dai Entick ya ga waɗanda suka shiga gidansa da idonsa. Da wayar tarho ta zo, sai aka samu hanyar jin sirrin mutum ba tare da an taka ƙofarsa ba. A 1890 lauyoyi biyu na birnin Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka wallafa maƙala a mujallar shari'a ta Jami'ar Harvard suna cewa mutum yana da haƙƙin a ƙyale shi da rayuwarsa. Kotu ba ta yi saurin karɓar wannan ba. A 1928, a shari'ar Roy Olmstead, wanda ake zargi da fataucin barasa a lokacin da aka haramta ta, Kotun Ƙolin Amurka ta ce jona wayarsa daga titi ba bincike ba ne, domin jami'an ba su shiga gidansa ba. Alƙalai biyar ne suka yarda, huɗu suka ƙi, kuma Brandeis, wanda a lokacin ya zama alƙalin kotun, yana cikin waɗanda suka ƙi. An yi shekaru 39 kafin a juya wannan hukunci. A 1967, a shari'ar Charles Katz, wanda hukumar FBI ta maƙala na'urar sauraro a jikin rumfar tarhon da yake amfani da ita a Los Angeles, kotun ta ce tsarin mulki mutane yake karewa, ba wurare ba.

A wannan tsakanin, Yaƙin Duniya na Biyu da abin da 'yan sandan ciki suka aikata a Turai sun sa an rubuta haƙƙin sirri a manyan takardun duniya: sashe na 12 na Jawabin Haƙƙin Ɗan Adam na 1948, da sashe na 8 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta 1950, da sashe na 17 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da siyasa ta 1966. Rubuta haƙƙi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da nemo wanda kotu za ta yarda ya tsaya ya kare shi.

A nan ne shari'ar Klass take da muhimmanci fiye da yadda ake ba ta. A 1968 Jamus ta Yamma ta yi dokar da ta ba hukumomin tsaro damar buɗe wasiƙu da sauraron waya ba tare da an sanar da mutum ba. Wasu masana shari'a biyar, cikinsu har da mai gabatar da ƙara Gerhard Klass, suka kai maganar Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. Gwamnati ta ce ba su da hurumin yin ƙara, tunda ba su nuna an taɓa sauraron su ba. A 1978 kotun ta amsa da cewa idan aka bi wannan hujja, to babu wanda zai taɓa iya ƙalubalantar dokar leƙen asiri, domin ɓoyewar ita ce ainihin aikin. Saboda haka wanzuwar dokar kanta tana iya ba mutum damar kai kuka. Masu ƙarar sun faɗi a kan gundarin maganar, domin kotun ta ga dokar Jamus tana da isassun matakan kariya, amma ƙofar da suka buɗe ita ce lauyoyi suke bi har yau, kuma kotun ta ƙara faɗaɗa ta a 2015 a shari'ar Roman Zakharov da ƙasar Rasha.

Labarin James Malone ya fi nuna yadda irin waɗannan ƙararraki suke tasowa a zahiri. Dillalin kayan tarihi ne a Ingila, ana tuhumarsa da karɓar kayan sata. Ana cikin shari'a sai aka ga a littafin aljihun wani ɗan sanda an rubuta abin da Malone ya faɗa a waya, kuma ta haka ne ya san an saurare shi. Da ya kai ƙara, alƙalin babbar kotu, Robert Megarry, ya yanke a 1979 cewa babu dokar da ta hana sauraron waya, don haka 'yan sanda ba su yi laifi ba. Duk wanda ya tuna hukuncin Lord Camden zai ga an juya maganar, domin a 1765 hukuma ce za ta nuna dokar da ta ba ta izini, a 1979 kuwa ɗan ƙasa aka ce ya nuna dokar da ta hana. Kotun Strasbourg ta ba Malone gaskiya a 1984, ta ce ikon da ba a rubuta iyakarsa a dokar da kowa zai iya karantawa ba, bai cika sharaɗin doka ba. Shekara guda bayan haka Burtaniya ta yi dokarta ta farko kan sauraron sadarwa, sannan a 2000 ta kafa kotu ta musamman da ke sauraron koke kan hukumomin leƙen asiri.

A Amurka kuwa majalisa ce ta tona asiri. Kwamitin da Sanata Frank Church ya jagoranta a 1975 ya bankaɗo yadda hukumomin tsaro suka yi shekaru suna bibiyar 'yan ƙasa, har da jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, Martin Luther King. Daga nan aka yi dokar 1978 da ta kafa kotun da ke ba da izinin leƙen asiri, kotun da take zama a asirce, kuma galibi ɓangaren gwamnati kaɗai take ji.

Wani reshe na fannin ya tsiro ne daga kwamfuta. Jihar Hesse ta Jamus ta yi dokar kare bayanai ta farko a duniya a 1970, Suwidin ta bi da dokar ƙasa a 1973, sannan a 1983 Kotun Tsarin Mulkin Jamus, a shari'ar ƙidayar jama'a, ta ce mutum yana da ikon yanke shawara kan bayanan da suka shafe shi. Wannan reshe ne ya girma ya zama babbar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, da tarar da za ta iya kai yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Ita ce kuma ta cika ofisoshin lauyoyi da aikin yau da kullum, domin idan masu kutse suka shiga rumbun bayanan kamfani, doka ta ba shi sa'o'i 72 ya sanar da hukuma, kuma a cikin waɗannan sa'o'i lauya yana zaune ne tare da injiniyoyi, ana tantance bayanan wa aka ɗauka da wanda ya wajaba a faɗa wa.

Harin 11 ga Satumba, 2001 ya sauya ma'auni. An faɗaɗa ikon hukumomi, aka koma daga bibiyar mutum ɗaya da ake zargi zuwa kwashe bayanan jama'a gaba ɗaya. A watan Fabrairu na 2013 ƙungiyar Amnesty da wasu lauyoyi da 'yan jarida suka faɗi a Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen biyar da huɗu, saboda ba su iya tabbatar da cewa an saurare su ba. Ba a cika wata huɗu ba sai Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aikin kwangila, ya fitar da takardunta a watan Yuni, kuma na farko da jaridar Guardian ta buga umarni ne na kotun asirin nan da dokar 1978 ta kafa ga kamfanin waya na Verizon ya riƙa miƙa bayanan kiran wayar abokan cinikinsa kullum. Ashe hujjar cewa ana kwasar bayanan jama'a tana nan, kuma da hannun wata kotu aka rufe ta.

Takardun Snowden sun ba lauyoyi abin riƙo, ƙararraki kuwa suka biyo baya. A 2014 Kotun Tarayyar Turai ta soke dokar da ta tilasta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kowa. A 2015, sannan a 2020, Max Schrems ɗan ƙasar Austiriya, wanda ya fara wannan gwagwarmaya yana ɗalibin shari'a, ya sa kotun ta rushe tsare-tsare biyu na tura bayanan Turawa zuwa Amurka, duk daga kokensa kan Facebook. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Carpenter, ta ce tattara bayanan inda wayar mutum ta kasance na tsawon kwana 127 yana buƙatar izinin alƙali. A 2019 ƙungiyar Privacy International ta samu hukunci daga Kotun Ƙolin Burtaniya cewa ko kotun musamman ta leƙen asiri ba ta fi ƙarfin a duba kuskurenta na shari'a ba. A watan Mayu na 2021 kotun Strasbourg ta ce tsohon tsarin Burtaniya na kwasar bayanai da yawa ya keta haƙƙin sirri, amma ya kamata a lura cewa ba ta haramta kwasar kanta ba, matakan kariya kawai ta nema. Wannan ya nuna iyakar abin da aka cim ma, domin sau da yawa nasarar lauya takan ƙare ne da majalisa ta rubuta abin da ake yi a ɓoye ya zama doka, kamar yadda Burtaniya ta yi a 2016.

Akwai wani lamari da ya taɓa lauyoyi a jikinsu. A 2015 kotun musamman ta Burtaniya ta gano cewa hukumar leƙen asirin sadarwa ta ƙasar, GCHQ, tana riƙe da bayanan da suka gudana tsakanin Sami al-Saadi, ɗan ƙasar Libiya, da lauyoyinsa, ta kuma umarci a lalata su. Idan hukumar da ake shari'a da ita tana iya karanta shawarar da lauya yake ba mai ƙara, to adalcin shari'ar kansa ya samu rauni tun kafin a shiga ɗakin kotu.

Maganar ba ta tsaya a Turai da Amurka ba. A watan Agusta na 2017 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Indiya suka yanke baki ɗaya cewa sirri haƙƙi ne na asali a tsarin mulkin ƙasar, a ƙarar da wani tsohon alƙali, K. S. Puttaswamy, ya shigar kan tsarin shaidar ɗan ƙasa na Aadhaar. A Afirka ta Kudu, ɗan jarida Sam Sole ya san an naɗi hirarsa da wani mai gabatar da ƙara ne lokacin da rubutaccen kwafinta ya bayyana a takardun wata shari'a, kusan kamar yadda ya faru da Malone. Cibiyarsa ta binciken jarida, amaBhungane, ta kai ƙara, kuma a watan Fabrairu na 2021 Kotun Tsarin Mulki ta ce dokar sauraron sadarwa ta ƙasar ta saɓa wa tsarin mulki, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ba ta tanadi a sanar da mutum bayan an gama sa masa ido ba. Wannan hukunci ya taɓa ainihin ciwon, domin sanarwa ce kaɗai take mayar da zato ya zama ƙara ba tare da an jira sa'a ko mai fallasa ba. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda aka amince da ita a 2014, sai a 2023 ta samu isassun ƙasashe ta fara aiki.

Sabon salo shi ne kutse cikin wayar kanta. Tun da saƙonni suka zama a kulle daga mai aikawa zuwa mai karɓa, jona layi ya rage amfani, sai gwamnatoci suka koma sayen manhajojin leƙen asiri daga kamfanoni masu zaman kansu. Mafi shahara ita ce Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda take iya karanta saƙonni ta kuma kunna kyamara da makirufo ba da sanin mai waya ba. A watan Oktoba na 2019 WhatsApp ya kai kamfanin ƙara a Amurka kan kutsen da aka yi wa kimanin mutum 1,400, kuma a watan Disamba na 2024 kotu ta ɗora wa kamfanin alhaki. A nan tsaron intanet da haƙƙin sirri suka haɗe, domin ɓarakar da hukuma ta ɓoye a manhaja don amfanin kanta tana iya faɗawa hannun ɓarayi, kamar yadda aka gani a harin WannaCry na watan Mayu na 2017, wanda ya yi amfani da makamin kutse da aka sace daga NSA ya durƙusar da kwamfutocin asibitoci a Burtaniya.

Saboda haka shaidar da lauya yake fara nema a yau takan fito ne daga binciken ƙwararru a kan wayar mai ƙara, irin wanda cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da sashen fasaha na Amnesty suke yi. Bayan an samu wannan shaida, sai a shiga wata takaddamar: wace kotu ce take da hurumi idan kamfanin yana wata ƙasa, gwamnatin da ta sayi manhajar tana wata, mutumin da aka yi wa kutsen kuma yana ta uku, sannan gwamnatin ta ce a matsayinta na ƙasa mai 'yanci tana da rigar kariya daga kotunan waje.